Faɗaɗa ramin iska a tankin shishar lantarki, zai yi tsatsa?

Ɗan Karantina:
Slm 'yan uwa. Ina da tanki irin wanda mutum ke naɗa koyil (wayar da ke ɗumama ruwan) da kansa, ramin iskar milimita 1 ne kuma jan ya min tsauri, sai na yi ta zuƙa kafin hayaƙi ya zo. Ina so in kai shi wajen masu huda ƙarfe su mayar min da shi 2, to amma wani abokin aikina nan Jidda ya huda nasa, ba a jima ba bakin ramin ya yi ja kamar tsatsa, alhali a kwalin an rubuta sitenles ne. To dama sitenles yana tsatsa ne ko jabu aka sayar masa? Kuma in mutum ya ci gaba da zuƙa a haka ba matsala? Sabo zan saya dama, amma tunda aka sa harajin kashi 100 a Saudiyya a 2019 kayan nan kuɗinsu ba wasa.

Makerin Sina'iyya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sitenles yana tsatsa mana, wuyar kamawa kawai gare shi. Abin da ke kare shi kuromiyam ne da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5, shi ne in ya haɗu da iska yake yin wata 'yar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani. In ka huda ka yage fatar, amma tana sake yin kanta in wurin a tsaftace yake. Matsalar daga bakin dirilan take, yawancin waɗanda ake samu a shago baƙin ƙarfe ne, yana juyawa yana barin ɓurɓushinsa a manne a jikin ramin, to wannan ɓurɓushin shi ke fara yin ja, ba tankin ba, in kuma aka ƙyale shi sai ya ci ya shiga ciki ya yi 'yan ramuka.

Ga kuma Jidda, ruɗuba, wato danshin iska, da gishirin Bahar Maliya, ga gumin aljihu, gishiri kuwa shi ne babban abokin gabar sitenles. Wanda ke Riyad zai iya yin aikin nan ya daɗe bai ga komai ba saboda bushewar garin. Sannan ka duba lambar da ke kwalin, 304 shi aka fi yi da shi, kuromiyam 18 nikel 8, 316L ya fi shi jure gishiri don an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, shi kuma 303 an sa masa sulfa don ya yi sauƙin sassaƙa a inji, shi ya fi saurin kamuwa a cikinsu.

In za ka yi, ka kwance tankin gaba ɗaya, gilashi da robobi da auduga duk a gefe, batir kuwa kar ma ya je wurin. A sa sabon baki mai kobalt, a juya a hankali da ɗan mai, don sitenles in ya ɗau zafi tauri yake ƙarawa sai bakin ya riƙa zamewa. Bayan nan a goge kaifin bakin ramin da sabuwar samfefa, a wanke da sabulun kwanuka da buroshin haƙori har mai ya fita, sai ka samo milhil laimun, garin tsamin lemon nan da ake sayarwa a baƙala, wato kantin unguwa, cokalin shayi ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi, ka jiƙa ƙarfen kamar minti 20 zuwa 30, ka ɗauraye, ka bar shi ya sha iska ya kwana. Soson ƙarfe da bilic kar su taɓa shi.

Abu Misfala:
Malam ya gama magana kan tsatsa, ni girman ramin ne ya tsaya min. Daga 1 zuwa 2 ba ninki biyu ba ne fa ɗan uwa, faɗin da iska ke bi ninki huɗu zai zama, ko 1.5 ma ya haura ninki biyu. Yani tankin da aka yi don jan baki irin na sigari za ka buɗe shi sosai, ɗanɗano ya tsinke, hayaƙi ya yi sanyi, dole ka ƙara wat, wato ƙarfin wutar, in kuma ruwanka mai nikotin mai ƙarfi ne irin mai miligiram 30 ko 50 ka ja shi kai tsaye cikin huhu wallahi jiri zai kwashe ka. Ka fara da 1.2 ka gwada, rami dai ana ƙara shi amma ba a rage shi. Ka kuma duba ko tankinka na da 'yan finfin ɗin iska, ƙananan ƙarafan da ake canzawa don sauya girman ramin, wasu suna zuwa da su a cikin kwali mutane ba sa kula.

Ummu Yasir:
Ni ba sha nake ba, maigidana ne ya koma kanta don ya bar taba. Abin da zan ce, wasu masu arhar nan ba sitenles ba ne sam, tagulla ce aka shafe da fari, kuma tagulla wani lokaci akwai dalma a ciki. Ka kankare wani ɓoyayyen wuri ka gani, in rawaya ya fito to kar ka huda. Shi kuma abokin naka ya ajiye nasa tukuna har a gyara, huhu ba wurin gwaji ba ne.

Ɗan Karantina:
Ngd sosai Allah ya saka. Na duba kwalin 304 ne, finfin kuma babu. Malam in na sa maganaɗisu zai nuna min na gaske ne? Kuma na abokina ya mutu ke nan?

Makerin Sina'iyya:
Maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba, 304 ba ya kamawa sosai, tagulla ma ba ta kamawa, gwajin kankarewar da Hajiya Ummu Yasir ta faɗa ya fi. Na abokinka in jan a sama yake samfefa da ruwan tsamin nan za su fitar da shi, ya canza koyil da auduga kawai. In ya goge ya ga 'yan ramuka baƙaƙe sun nutse a ciki, gindin tankin nan sai dai ya nemi wani.