Serenity: sai na fara kallon Firefly tukuna?

Dan_Fagge: Salam yan uwa, an turo min fim din Serenity na 2005, wai cigaban Firefly ne mai dogon zango, zan gane shi a haka?

Maman Ihsan: Fara da Firefly, kashi 14 ne kacal tunda gidan talabijin na Fox sun yanke shi a 2002, in ba haka ba mutuwar Wash matukin jirgin ba zata taba ka ba, wallahi har yau ina jin haushin darakta Joss Whedon, da kyar bawan Allah Wash ya sauke jirgin sai ga mashi a kirjinsa.

Dan_Fagge: Haba Hajiya, ai kin gama bani labari!

Sadauki: Ni bos din ne ya burgeni, Chiwetel Ejiofor, iyayensa yan Najeriya ne, da takobi yake kisa yana magana cikin ladabi.