Na kammala karatun mataimakiyar likita a Amurka, amma asibiti ya ce takardata ba ta wadatar ba

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi aikin jami'ar lafiyar al'umma a wani asibitin karkara a jihar Katsina kafin aure ya kawo ni New York, kuma a can babu abin da hannuna bai taɓa ba, tun daga rigakafin yara har awon ciki. Da na zo, wata maƙwabciyata 'yar Kumasi ta nuna mini makaranta mai darasin yamma, na biya da kuɗin adashi, maigidana yana riƙe yara idan ya tashi daga tuƙin tasi, har aka ba ni satifiket mai tambarin zinare. A ganawar neman aiki, matar ta juya takardar gaba da baya, sannan ta tambaye ni ko ina da CMA ko CCMA. Shin wannan da ke hannuna ba shaida ba ce?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Takardar makaranta tana nuna kin zauna a aji kin gama ne kawai. Abin da asibiti yake nema shi ne shaidar ƙwarewa, wadda wata ƙungiya dabam take bayarwa bayan an ci jarrabawarta. CMA irin wannan shaidar ce, ta ƙungiyar mataimakan likita ta Amurka mai suna AAMA, ana sabunta ta duk wata 60, kuma sananniyar hanyar zama jarrabawarta ita ce a fito daga shirin da hukumomin tantance karatun lafiya, CAAHEP ko ABHES, suka tantance. Ba ki gaya mana wanda ya tantance makarantarku ba, alhali nan gizo ke saƙa. Idan babu ɗayan biyun nan, ki koma kwaleji ki sake, domin CMA ce kaɗai take da daraja.

Anti Rabi: Alhaji, a yi mini afuwa, amma ban yarda ba. Ni shaidar CCMA ta wata ƙungiya mai suna NHA nake riƙe da ita, ina sabuntawa duk shekara 2, kuma babu wanda ya taɓa raina ta a wurin aiki. Akwai kuma shaidar RMA ta ƙungiyar AMT, wadda take karɓar shekarun aiki daga wanda bai bi ta irin waccan makarantar ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ni ke gwada hawan jini, ni ke ɗibar jini, ni ke amsa waya, duk sabuwar da aka ɗauka ni ke koya mata, amma a albashi ba a ganin bambanci.

Malam Isa: Kada a manta da dokar jiha, domin ita ce ke faɗin abin da za ki taɓa. Mu a jihar Washington sai ma'aikatar lafiya ta ba mutum tata takardar kafin ya yi aikin. New York ba ta ba mataimakan likita lasisi, kuma ba ta yarda su yi allura ba, ko da suna da CMA.

Maman Hanifa: Na gode muku. Sai dai makarantar ba ta banza ba ce, malamanmu ma'aikatan jinya ne, kuma ita kaɗai ce lokacinta ya dace da mai yara ƙanana. Komawa kwaleji ba zai yiwu ba a halin da muke ciki. Anti, shin aikina na Katsina zai shiga lissafin RMA?

Anti Rabi: Ki rubuta wa AMT ki tambaye su da kanki, amma ni da zan ba ki shawara, ki fara bincika ko makarantarku tana kai ɗalibai jarrabawar NHA.

Baban Khalifa: Gajeriyar hanya ce ta kawo ki nan, kuma ga shi ana nuna miki wata. Har yanzu ba ki faɗi wanda ya tantance makarantar ba.

Maman Hanifa: Yaya, a bangon ofishinsu akwai takardun izini da yawa a rataye, kuma maƙwabciyata da ta gama a can tana aiki yanzu haka.

Baban Khalifa: Ki tambaye ta da wace shaida aka ɗauke ta.