Adashi: ajiya ce ko asarar da muka saba da ita?

Ɗan Kwari: Jama'a, ni dai na ce adashi asara ce. Mutum goma, kowa dubu 20 a wata. Mai kwasar farko ya ci bashi babu ruwa, mai kwasar ƙarshe shi ya ranta wa kowa kyauta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Dubu 200 ta watan goma ba ita ce ta watan farko ba. Na kullum ma ya fi muni, mai zagayawa karɓa yana ɗauke zubin kwana ɗaya duk wata. Kai ne ke biya a riƙe maka kuɗinka!

Maman Khalifa: Alhaji, kana lissafi kamar kuɗin zai zauna a hannu ya jira ka. Ajiye dubu 20 a ƙarƙashin katifa mu gani. Yau ƙanin miji ya zo da takardar asibiti, gobe suna a gidan yaya, jibi maigida ya ce a ara masa na cefane zai mayar. Wa za ka ce wa babu? Amma in na ce na zuba adashi, magana ta ƙare, ba wanda zai yi fushi.

Malam Mai Alli: Hajiya ta faɗi abin da masana tattalin arziki suka gano. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan unguwar Kibera a Nairobi ya nuna matan aure na shiga adashi don kare kuɗinsu daga hannun mazajensu. Na Kamaru a 2011 ya fi ban mamaki: mutum na da ajiya a ƙungiyar bashi, sai ya ci bashi mai ruwa a can ɗin, don dangi su ga ana bin sa su ƙyale shi. Zubin kwana ɗayan nan ladan gadi ne.

Ɗan Kwari: Malam, to banki fa? In kuɗin ruwa ake gudu, bankin Musulunci na Jaiz na nan tun 2012.

Maman Khalifa: Banki da ke cikin waya? Ana cewa "turo ko dubu biyu ce", yatsa ya riga kai. Uwar adashi kuwa ko ka yi kuka sai ranar kwasarka.

Baba Tela: Ku dakata, ni ban yarda da wannan karatun duka ba. Kun mai da dangi ɓarayi. Wanda kike ɓoye wa kuɗi yau, shi zai riƙe 'ya'yanki ranar da ciwo ya kwantar da ke. Da adashi na sayi keken ɗinkina, kuma ba ɓoyo na yi ba. Kuɗin keke a dunƙule yake, ni kuma a tsittsinke nake samu. Da ni kaɗai nake tarawa sai wata goma. A adashi mutum tara sun riga wannan lokacin, na ƙarshe kaɗai ya jira.

Ɗan Kwari: Na ƙarshen nan nake tausayi, Baba. Kuma kullum baƙo ake turawa can.

Malam Mai Alli: Ai ba zalunci ba ne, ba a san halinsa ba. Wanda ya kwashe da wuri shi ke iya guduwa da zubin sauran, don haka sai wanda aka san gidansu.

Ɗan Kwari: To a riƙa rage masa zubi mana, tunda shi ke ɗauke da nauyin kowa.

Maman Khalifa: Zo ka gaya wa uwar adashinmu haka da bakinka, Alhaji. Ranar Juma'a bayan La'asar muke zubi.