Ɗana ya samu gurbi a badujalar gasa ta bazara: in biya ko in hana?

Baban Sadiƙ (Columbus, Ohayo)

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar badujalar gasa ta nan Amurka, wadda hukumar DCI (Drum Corps International) take shiryawa duk bazara. Ɗana mai shekara 17 yana busa begila a badujalar makarantarsu, kuma a watan Nuwamba ya je gwaji wurin ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin, suka sake kiransa a Janairu, yanzu sun aiko da takardar yarjejeniya. Kuɗin da suka rubuta dala 5,200 ne, ban da kuɗin jirgi zuwa sansanin atisaye na wata-wata, kuma suna so a sa hannu kafin ƙarshen watan nan. Zai bar gida a watan Mayu, ba zai dawo ba sai an gama wasan ƙarshe a Agusta, wato aikin hutun da yake tara kuɗin jami'a da shi ya tafi ke nan. Tambayata biyu ce. Shin ana karɓar kuɗin kashi-kashi? Sannan yaya yaro Musulmi yake yi da salla da abinci a wannan doguwar tafiya? Ba kyawun wasan nake tambaya ba, don ya nuna mini bidiyo har na gaji.

Alhaji Mai Tasi (Indiyanafolis)

Wa alaikumus salam. Malam, bidiyo bai nuna maka kome ba. Tun 2009 ake yin wasan ƙarshe a garin nan, a filin Lucas Oil, kuma duk makon nan na Agusta ba na sauke fasinja sai na ɗauki wani mai rigar ƙungiya. Ranar da na fara shiga, wani dattijo ne da na kai ya ba ni tikitin matarsa da ba ta samu zuwa ba. Lokacin da masu busa kusan tamanin suka juyo gaba ɗaya suka fuskance mu, suka saki sauti a tare, na ji shi a ƙirjina kafin kunnena, har kujerar da nake kai tana rawa. Ƙungiyoyi 12 ne suke kaiwa daren Asabar, kowace kuma wasanta bai wuce minti 12 ba. Tikitin dala 60 ne kawai. Wanda ba ya son biya ma yana iya zuwa inda suke ɗumama hannu kafin su shiga, ya tsaya dab da masu ganga, ba mai tambayarsa ko sisi.

Maman Hanifa (Shikago)

Alhaji, dala 60 kam sai dai can kusurwa inda mutum yake kallon ƙeyar alƙalai. Mu bara 150 muka biya kowane mutum ɗaya, kuma ba a tsakiya sosai muke ba. Amma ni wasan da ba zan manta ba kafin Lucas Oil aka yi shi, a 2008, a Bloomington, domin a lokacin ba a buɗe sabon filin ba. Maƙwabciyata ce ta ja ni, 'yar Rockford ce, garin ƙungiyar Phantom Regiment. Wasansu a kan Spartacus ne, bawan da ya yi wa Rumawa tawaye. Ranar Alhamis su ne na uku, ranar Juma'a suka zama na biyu, daren Asabar kuwa da aka soke madugunsu a kan dandamali cikin wasan, sai jama'a suka miƙe suna ihu kowa yana cewa shi ne Spartacus. Da aka zo karanta maki aka ce ƙungiyar Blue Devils ce ta biyu da 98.100, ba wanda ya ji sauran maganar mai sanarwa. Daga baya muka ga makin Phantom Regiment, 98.125, a allo, su ne na ɗaya. Maƙwabciyar nan tawa, mace mai jikoki, ta zauna a kan matakala tana kuka. Ka bar yaro ya je.

Baban Yusra (Maryland)

Masu cewa a bar yaro ya je, daga kujerar 'yan kallo suke magana. Ni na biya. 'Yata tana cikin masu juya tuta, ta samu gurbi a wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba, muka biya dala 4,800 cif kafin ta tafi, domin sun ce wanda bai kammala ba ba zai hau mota ba. Mahaifiyarta ta karɓi aikin dare don a haɗa kuɗin. Tana cikin atisayen Mayu, inda suke wuni a rana daga safe har bayan isha, sai idon sahunta ya kumbura. Aka ɗaure mata, aka ce ta ci gaba. Ta ci gaba saboda tsoron kada a ba wata wurinta, har likita ya ce ƙashin ya tsage. Ba su kira ni ba, ita ta kira ni da tsakar dare daga banɗakin wata makaranta, tana magana ƙasa-ƙasa don kada ta ta da na barci.

Na yi tuƙin kwana na same ta zaune a kan jakarta a bakin zauren ƙwallon kwando, sauran suna fili, an riga an sa wata a gurbinta. Da na yi maganar kuɗi, sai aka nuna mini layi a takardar da na sa wa hannu, cewa bayan an shiga sansani ba a mayarwa. Na rubuta wasiƙu har na daina ƙirgawa, abin da na samu shi ne fatan samun sauƙi. Kuɗin asibiti kuma ya biyo baya daban. Yarinyar nan ba ta taɓa fili gaban 'yan kallo ko sau ɗaya ba, rigar wasan da aka auna ta ma ba ta gan ta ba, kuma har yau idan aka kunna irin wannan kiɗa tashi take yi ta bar falo.

Ku kuma duba su kansu ƙungiyoyin. Santa Clara Vanguard da ta ci kofi a 2018 ba ta fito ba a 2023 saboda matsalar kuɗi. Cadets, mai kofi 10, ta durƙushe a 2024. Tamu ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ce, amma idan manya irin waɗannan suna faɗuwa, wa zai ba ka tabbacin inda kuɗinka zai kwana?

Maman Hanifa (Shikago)

Subhanallahi. Allah Ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Yanzu tana taka ƙafar sosai?

Baban Yusra (Maryland)

Tana takawa, Hajiya, na gode. Dala 4,800 ce dai ba ta tako ta dawo ba.

Tsohon Ɗan Ganga (Minnesota)

Baba, Allah Ya mayar da alheri, abin da aka yi muku bai dace ba. Sai dai ina roƙon a saurari wanda ya rataya gangar da kansa. Na yi 2014 da 2015, kuma duka biyun azumi ya same mu a kan hanya, a tsakiyar zafi. Na tambayi limaminmu kafin in tafi, na ajiye azumin a matsayin matafiyi na rama da sanyi. Salla kuwa ƙasaru nake yi ina haɗa azahar da la'asar a bayan motar kaya lokacin cin abinci, wani mai busa babban ƙaho, Kirista ɗan Tekzas, shi yake tsare mini wuri. Motar girki tana ciyar da mu sau huɗu a rana, akwai layin marasa cin nama, kullum kuma akwai burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a tebur. Naman alade yana yawa da safe, wannan gaskiya ne, sai yaro ya buɗe baki ya tambaya.

Wahala akwai ta. Barci rabi a kujerar bas, rabi a kan katifar hurawa a daɓen makaranta, kowa da jarkar ruwansa, kafaɗa ta yi kanta saboda ƙarfen ganga. Amma akwai abin da ba a gani daga sama. A ramin da ake bi a shiga filin Lucas Oil, mutum kusan ɗari da hamsin suna tsaye ba mai tari, kana jin ƙungiyar da ke gabanku tana ƙarasawa, na kusa da kai ya dafa kafaɗarka ba tare da ya dube ka ba. A 2014 na tsaya a gefe na ga Bluecoats, 'yan Canton ta jiharku, Baban Sadiƙ, suna yin abin da aka shekara ana magana a kai: masu busa suka riƙe sauti guda, na'ura ta karɓe shi ba tare da kunne ya gane ba, ta lanƙwasa shi, su kuma suka sake cafke shi da ƙarfi. Na biyu suka zo a shekarar, bayan Blue Devils da suka samu 99.65, makin da ba a taɓa ba kowa irinsa ba. Bayan shekara biyu Bluecoats suka ci kofinsu na farko. Shekarata ta ƙarshe, da na cika 21, iyakar shekarun shiga gasar, na cire takalmana na bar su a fili tare da na sauran waɗanda shekarunsu suka ƙare, na fita da safa. Kuɗina bai kai dala 3,500 ba. Da girmamawa, wanda bai kwana a daɓen nan ba bai san abin da ake saye da kuɗin ba.

Baban Yusra (Maryland)

Ɗana, wanda ya kwana a daɓe ya san daɓe, wanda ya sa hannu a cak shi ya san cak. Wa ya biya maka 3,500 ɗin? Uba ne ya yi tambaya, ba mai ganga ba. Kuma farashin shekara goma da suka wuce kake kawo masa.

Alhaji Mai Tasi (Indiyanafolis)

Ni da nake ɗaukar iyayen da 'ya'yan duka a motata, ina jin hirar ɓangarorin biyu, don haka kada a ce ɗan kallo ba shi da ta cewa.

Ɗan Zinder (Bronx)

Ni abin da ya ɗaure mini kai, a gida makaɗi ake yi wa liƙi a goshi har ya rasa inda zai zuba, a nan kuma makaɗi ne yake biyan dala dubu biyar don a bar shi ya yi kiɗa a rana. Baban Sadiƙ, ka turo mini yaron, akwai bikin suna uku a unguwarmu watan gobe, zan karɓi rabin kuɗin kawai, abincin kuma halal ne.

Baban Sadiƙ (Columbus, Ohayo)

Na gode wa kowa, musamman Tsohon Ɗan Ganga da ya taɓa maganar salla. Baban Yusra, na koma na karanta takardar, kuma layin da ka faɗa yana nan a shafi na uku. Har yanzu dai ba wanda ya ce mini kome game da biya kashi-kashi, kwanaki kuma suna tafiya.

Malama Ta-Annabi (Atlanta)

Ɗan ƙanwata ya biya nasa wata-wata daga Disamba zuwa Mayu, amma kowace ƙungiya da tsarinta, sai ka kira ofishinsu. Me ya sa ma sai babbar ƙungiya? Akwai rukuni na biyu, waɗanda tafiyarsu ba ta kai ta manyan tsawo ba, yaro ya gama makaranta a natse kafin ya tafi. Nasa dala 2,500 ne. Shekararsa 17, yana da sauran bazara huɗu a gabansa.

Tsohon Ɗan Ganga (Minnesota)

Anti, wani yaro da nake koya wa ganga ya nuna mini takardarsa ta rukuni na biyun, ta haura 3,500. Sannan gurbi 165 ne kacal a kowace babbar ƙungiya, masu nema kuwa ɗaruruwa. Wanda aka ba ya ƙi, ba lallai a sake kiransa ba. Yawancinmu wasiƙar neman tallafi muke rabawa 'yan'uwa da shaguna da ƙungiyoyin gari, kowa ya sa abin da ya samu.

Malama Ta-Annabi (Atlanta)

Wace ƙungiyar gari? Da ɗan ƙanwata ya kai irin wannan wasiƙa ƙungiyarmu ta 'yan gida, a gaban yaron wani dattijo ya ce asusun jama'a ba na roƙo ba ne, wai ɗan mutunci ba ya bin makaɗa. A wannan watan kuma aka fitar da kuɗin hayar zaure na shagalin Sallah, aka ɗauko mai kiɗa daga wata jiha, aka biya masa jirgi da masauki, dattijon nan yana sahun gaba yana liƙi. Yaron da yake karanta rubutun kiɗa, yake tashi da asuba yana atisaye, makinsa a makaranta bai taɓa sauka ba, shi ne maroƙi. Kakarsa ma da ta ga hotonsa da kayan fareti ta ɗauka soja ya shiga, ta yi ta sa albarka, sai da aka yi mata bayani ta ce a daina nuna wa dangi.

Baban Yusra (Maryland)

Wannan kam gaskiya ne. Lokacin da kuɗin asibitin 'yata ya zo, na kai kukana ƙungiyarmu, aka ce asusun na rasuwa ne da kai gawa gida. Wato sai ta mutu za a taimaka.

Alhaji Mai Tasi (Indiyanafolis)

A yi adalci. Na riƙe ma'aji a tamu, kuma rabin masu ƙorafin nan ba sa biyan kuɗin wata. Asusun da mutum ashirin suke zubawa, mutum ɗari suke jira, ta yaya zai ɗauki kuɗin badujala? Idan an biya wa mai begila, gobe mai ƙwallo zai zo, jibi mai ninƙaya.

Malama Ta-Annabi (Atlanta)

To su zo mana, Alhaji, ai 'ya'yanmu ne. Ni ban taɓa tsallake wata ba, rasit ɗina suna nan. A fito da lissafin shagalin Sallar bara tukuna, mu ga nawa aka ba mai kiɗan, sannan a yi mana maganar mai ninƙaya.

Ɗan Zinder (Bronx)

Idan za a fito da lissafi, a haɗa da na kujerun da aka ce an saya tun kafin korona, don har yau haya muke yi.