Wace kalma za mu ba "fair trade"? Ni dai na tsaya a kan "cinikin ba-cuta"

Jama'a, ina neman shawararku. Ina rubutu a kan ganyen da majami'un Amurka ke saye don Lahadin ganyen dabino (bikin Kirista na Lahadin da ke gabanin Ista, inda masu ibada kan riƙe ganye a hannu), sai kalmar nan ta "fair trade", wato cinikin da ake biyan mai samar da kaya haƙƙinsa yadda ya kamata, ta tsaya mini a wuya.

Ga asalin zancen. Ganyen da suke riƙewa ba na dabinon da muka sani ba ne. Wani ɗan guntun icce ne da ake kira shate, mai tsirowa a inuwar kurmin Peten a Guatemala da Chiapas a Meziko. A da, dillalai kan biya mai yanka bisa yawan abin da ya kawo. To wa zai tsaya zaɓe? Sai ya aske iccen tas, mai kyau da mai tabo, a kai ɗakin ajiya a zubar da kaso mai yawa. Icce ya mutu, mai yanka bai samu abin kirki ba.

A 2005 Jami'ar Minnesota ta fara shirin Eco-Palms. A ƙarƙashin shirin, ingancin ganye ake biya, mai yanka yana barin icce da isasshen ganyen da zai sake tohowa, matan ƙauye ne ke tacewa su ɗaure, kuma wani ƙari kan kuɗin da majami'u suka biya yana komawa ga mutanen wurin.

An ce mini "cinikin adalci". Ba laifi, amma kunnena yana jin alƙali a ciki, kamar an yi rigima aka raba. "Cinikin gaskiya" kuwa ya tsaya ga mudu da sikeli: dillalin can na da ai bai yi ƙarya ba, ya ƙirga daidai, ya kuma cuci mutum da daji.

Shi ya sa na ɗauko daga bakin 'yan kasuwarmu, "ba cuta, ba cutarwa". Cinikin ba-cuta ya haɗa mai yanka, mai saye da iccen kansa. Tambarin da ake bugawa bayan masu duba sun tabbatar, mu ce "hatimin ba-cuta".

Inda nake so ku taya ni: yankan da ke barin icce da rai. Ina ganin "yankan bar-toho". Masu yankan kaba a gindin goruba, ku da kuka san aikin da hannu, me kuke ce masa?