Sau nawa zan bar sabon ma'aikaci ya sake jarabawar horo?

Maman Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sashen kula da ma'aikata a wani kamfanin rarraba magunguna a Kano, wata mai zuwa za mu ɗauki mutum 18, oga ya ce a daina tara su a ɗaki kwana uku ana musu lacca, a mayar da horon kan waya. An riga an ɗora mana Moodle, manhajar koyarwa da jarabawa ta intanet, na yanka horon gida shida, kowanne bidiyon minti takwas sai tambaya goma. Inda na tsaya shi ne wanda ya faɗi sau nawa zan bar shi ya sake, kuma wane maki zan riƙe, na farko ko na ƙarshe ko mafi yawa ko matsakaici, duk suna cikin saitin. Darasin firji ne ke hana ni barci, wanda bai riƙe cewa insulin tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi ba kaya zai lalata mana, ba na so mutum ya yi ta canki-canka har ya dace.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi Google Forms kawai ki tura musu a WhatsApp, kyauta ne, shi ma yana ba da maki.

Abu Hanifa: Malam ta ce an riga an ɗora mata, ka karanta mana. Hajiya ki ba su sau uku, amma kada tambayoyin su zama guda goman nan, ki rubuta kamar arba'in ki sa ya riƙa zaɓo goma da kansa yana cakuɗa amsoshin. Akwai wurin sa tazara tsakanin zama da zama, ki sa awa 24 dole ya koma ya kalli bidiyon. Ki riƙe maki mafi yawa, matsakaici yana hukunta wanda ya gyara. Na firjin ki kulle darasi na gaba sai ya ci.

'Yar Tudun Wada: Don Allah Anti kafin ki sa adadi ki ji nawa. Bara na samu aiki wani wuri bayan shekara uku ina zaune, aka ce sau biyu ne kawai. Na farko ina tambaya ta bakwai sabis ya ɗauke, agogon yana ta tafiya a saman wayar ina kallo ba yadda zan yi, na fita tsakar gida na hau kan turmi ina ɗaga waya, kafin ya dawo lokaci ya cika ya tura da kansa, aka ƙirga min shi faɗuwa. Na biyu hannuna rawa yake, na samu 70 ana neman 80. Ba wanda ya kira ni ya ce me ya faru, saƙo kawai na gani wai ban cika sharaɗi ba. Na riga na ɗinka kaya kala biyu na zuwa aiki, mahaifiyata ta gaya wa 'yan uwa kaf. Wallahi har yau in na tuna sai na ji wani abu a ƙirjina.

Maman Sadik: Allah sarki ƙanwata, Allah Ya musanya miki da mafi alheri. Ni ban ma yi niyyar sa agogo ba, yanzu kam na fasa gaba ɗaya.

Ɗan Kwari: Amin. Wai nawa aka ɗora muku? Ni dubu 600 wani yaro ya ce min a shekara shi ya sa na gudu.

Abu Hanifa: Moodle ɗin kansa kyauta ne, kuɗin saba kake biya, wato kwamfutar da ake ɗora shi a kai, da ladan mai saitawa. Mu dubu 150 muka ba da.

Baban Zara: Dubu 150 a wace shekara? Saba da dala ake biya. Kuma kai Abu Hanifa harkar kwamfuta ka sani, ni shekara 12 ina sito, na ga wanda ya ci ɗari bisa ɗari ya bar ƙofar firji a buɗe ya tafi cin abinci. Wanda ya faɗi sau biyu a haɗa shi da tsohon ma'aikaci ya tsaya a kansa, ba a ƙara masa zama na uku ba.

Abu Hanifa: Baba da girmanka, na horar da mutum sun fi ɗari da wannan tsarin, ba saiti kaɗai nake yi ba.

Na Fagge: Ku yi musu irin na JAMB, wanda ya faɗi sai baɗi 😂

'Yar Tudun Wada: Kuma wa zai sayi datar? Mu da kuɗinmu muka kalli bidiyon nan, sati biyu ba a ba mu ko sisi ba wai horo ba aiki ba ne.

Baban Zara: Nan fa ake cutar yara. Tun da hukumar sadarwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 data ta zama abin lissafi, mafi ƙarancin albashi dubu 70, yaron da bai karɓi ko na wata ɗaya ba ka ce ya kalli bidiyo shida ya sake ya kuma sakewa. Ga shi kamfanoni suna biyan ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, kashi 1 na albashin shekara don horo, har ana iya neman a maido wani abu in ka yi horon, amma datar dubu biyu ta gagara.

Maman Sadik: Zan kai wa oga maganar data gobe in sha Allah, manhajar tana bari a sauke bidiyo, sai su sauke da wayfay ɗin ofis. Amma har yanzu ba ku tsayar min ba, biyu ko uku?

Na Fagge: Hajiya cikin 18 ɗin nan an cike? Ina da ƙani ya gama difloma yana zaune.