Rana Ba Ta Da Laifi: Musayar Waƙa Kan Wutar Sola

Mai Awo

Da sunan Allah nake farawa,
'Yan uwa ga batu na tattaunawa.
Ana ta cewa sola yaudara ce,
Shekara guda batir na mutuwa.
Ni ko na ce rana ba ta da laifi,
Lissafi ne ake tsallakewa.
Kafin a je sayen farantin sola,
Zauna da biro kana rubutawa:
Ƙwan fitila 4 masu wat 10,
Awa 5, 200 ke fitowa.
Fanka mai wat 60 a awa 8,
480 take cinyewa.
Talabijin wat 50 a awa 4,
Wata 200 ce ke ƙaruwa.
Wat-awa 880 ke nan a yini,
Ɗora kwata don abin da ke zubewa,
Waya da inbata suna da rabonsu,
1,100 kake buƙatar tarawa.
Raba da awa 5 na rana mai ƙarfi,
Ba duk yinin ne ake ƙirgawa,
Ƙasar da rana ke mata rowa
Awa 3 kacal suke sakawa.
Wat 220 shi ne ƙaranci,
Ɗauki 300, gari na lumshewa.

Tsohon Makaniki

Malam, awonka ya fita daidai,
Sai dai batir ka zo ka wuce shi.
Mai bolt 12, amp-awa 200,
Wat-awa 2,400 aka auna cikinshi.
In na dalma ne rabi ne naka,
Ragowar rabin kada ka taɓa shi.
Mai zuƙe shi ƙarƙaf kullum dare,
Gishirin dalma ke toshe shi,
In ya daskare a ƙarafan ciki
Babu cajin da zai narkar da shi.
Ya cika da wuri, ya sauka da wuri,
Ka ga haka, to an gama da shi.
Mai murfi a buɗe shi wata-wata,
Tataccen ruwa kaɗai ake ba shi.
Ruwan ne ke tashi, asid na nan,
Mai ƙara asid shi ke cinye shi.
Iskar da yake huci tana kama wuta,
Inda ke da taga ake ajiye shi.
Zafi ya haura 25 da digiri 10,
Ya raba biyu tsawon ranshi.
Sabo da tsoho kar a haɗa su,
Tsohon zai ja sabon ya kashe shi.

Ɗan Waya

Baba, a gafarce ni in sa baki,
Ba batir kaɗai ke jawo asara ba.
Wat 300 a kan bolt 12,
Amp 25 ne, ba wasa ba.
Siririyar wayar fitila ta ɗau zafi,
Robarta ta narke ba a sani ba.
Mai kaurin murabba'in milimita 6 ake sawa,
In tazarar ba ta yi nisa ba.
Ka koma bolt 24, amp ya rabu biyu,
Zafin waya bai wuce kwata ba.
Fis a kan jan kai, dab da batir,
Ba can a ƙarshen layi ba.
Batir da kwantirola, na'urar daidaita caji, ake fara haɗawa,
Ba faranti ke shiga farko ba,
Daga batir take gane bolt ɗinta,
In babu shi ba za ta gane ba.
Malam, farantin 300 da ka zaɓa
Bai dace da kowace kwantirola ba.
Bolt ɗinsa ya haura 30,
Kwantirola nau'in PWM ba ta san juya shi ba,
Ta danne shi ya sauko 13 ko 14,
Rabin wutar ma ba za ta shigo ba.
Nau'in MPPT ke mai da rarar bolt amp,
Tsadarta ba ta kai asarar ba.

Mai Awo

Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka,
Saura rufi, can ake rikicewa.
Lambar da ke bayan faranti,
A digiri 25 aka yi aunawa.
A kan kwano yakan kai 65,
Kowane digiri yana zaftarewa,
Kusan 0.4 cikin 100,
Sau 40, 16 ke ɓacewa.
Bar rata kamar santimita 10,
Iska ta bi ƙasa tana sanyayawa.
Arewa da ikwaita a fuskanci kudu,
Kudu da ita, arewa ake dubawa.
Karkata shi ko da digiri 10 ne,
Ruwan sama ya riƙa wankewa.
Inuwar reshe ko kashin tsuntsu,
Sulusin faranti take kashewa,
Don ƙwayoyin a jere aka ɗaura su,
Wadda aka rufe ita ke ƙonewa.
Wanki da asuba, ruwa da tsumma,
Ruwan sanyi a zafi, gilas na tsagewa.

Uwar Lissafi

Malamai, kun daɗe a saman rufi,
Ku sauko mu leƙa wurin aiki.
Ɗan kasuwa ba ya tambayar amp,
Sai yaushe jari zai koma banki.
Litar dizal in janareta ya sha,
Kilo 2.6 na iskar kabon ke bin hayaƙi.
Lita 10 kullum, kwana 300,
Kusan tan 8, abin mamaki.
Amma kar a fara da tara batir,
Shi ne mai tsada, shi ne mai raki.
A mai da aiki mai nauyi tsakar rana,
Wuta ta wuce kai tsaye cikin sauƙi.
Famfo ya ja ruwa rana na tsaka,
Ajiyar wutarsa tana cikin tanki.
Firiza ta daskare kafin la'asar,
Da dare ƙanƙara ta karɓi aiki.
Kwamfuresa, injin firiza, a daƙiƙar tashi,
Wutar da yake ja 3 ce a ninki,
Ƙaramar inbata ta yi ƙara ta ɗauke,
Mai kaya ya tsaya yana tsaki.
Janaretan da aka bari ko-ta-kwana,
A waje, nesa da taga, ba cikin ɗaki.
Gubarsa ba ta da wari ko launi,
Takan kashe mai barci kafin ya buɗe baki.

Alƙalami

Hajiya, lissafinki yana da tushe,
Doka ce ta ja farashin ƙasa.
Jamus a 2000 ta yi alkawari,
Mai sola za a sayi wutarsa,
Farashi tsayayye shekara 20,
Banki ya ga haka ya saki kuɗinsa.
Sin ta gina masana'antu manya,
Ta wuce kowa a wannan gasa,
Fiye da 80 cikin 100 na farantai
Daga can suke zuwa kowace ƙasa.
Daga 2010 zuwa 2020 tsadarsu
Kusan kashi 90 ta yi ƙasa.
A 2015 aka zauna a Faris,
Aka daddale a birnin Faransa:
Ɗumamar duniya kar ta kai digiri 2,
1.5 ake so a tsaya kusa.
Sai dai kowa shi ke yanka wa kansa,
Babu tara ga wanda ya kasa.
Ni dai a ba ni ɗakin gwaji a iyaka,
A auna faranti a duba lambarsa.
Na jabu ya rubuta 300 a baya,
A sa shi a rana, bai zo ko kusa.
Dokar da ake sauyawa duk zaɓe,
Ita ke korar mai jari nesa.

Ɗan Waya

Yaya, a ƙara da batirin litiyam,
Na LFP, Baba bai ambata ba.
80 cikin 100 ake zuƙa lafiya,
Caji dubbai bai gaji ba.
Allon BMS ne ke tsaronsa,
Kar a saya in ba a gan shi ba,
Kuma in sanyi ya wuce sifiri,
Cajinsa bai halatta ba.

Tsohon Makaniki

Yaro, na ji, amma na dalma
Har yanzu miliyoyi ke aiki da shi,
Kuma tsabtar sola tana ƙarewa
Ranar da aka sa gatari aka fasa shi.
Asid a kwata, dalma a kan wuta,
Hayaƙin, yara ne ke shaƙar shi.
Dalma ba ta da ɗan kaɗan a jini,
Ƙwaƙwalwar yaro take ci tun tashinshi.
Alhali kusan duka tana sake narkuwa
A kamfani mai tace hayaƙinshi.
Yarjejeniyar Basel ta 1989
Ta sa ido kan ƙetare iyaka da shi.
Alƙalami, a dokar taka a ƙara:
Mai sayarwa shi zai karɓe shi,
A riƙe wani abu cikin kuɗin sabo,
Sai an kawo tsohon a mayar da shi.
Kafin nan a tsaye, murfi a ɗaure,
Ba a zubar da ruwan cikinshi,
A naɗe kawunansa biyu da tef,
A ɗora a katako, kar ruwa ya taɓa shi.